Yadda Za Ka Yi Wa Mai Dakel Kyauta Ba Tare Da Ka Taɓa Karen Ba

Idan akwai mai kiwon karen nan da ake kira dakel a rayuwarka, kuma ranar haihuwarsa ta ƙarato, to kwantar da hankalinka, kakarka ta yanke saƙa. Jagoran nan bai taɓa ba kowa kunya ba. Duk wanda ya bi shi sau da ƙafa, za a kwance kyautarsa a gaban jama'a, a ɗaga ta sama, a ce "Kai, dakel!", sannan a ƙara masa yankan kek. Kuma duk wannan zai samu ne ba tare da ya taɓa karen ba, wanda shi ne babban rabo, domin dakel yana da haƙora kuma ba ya mantuwa.

Ba sai an tsaya yi maka bayanin dakel ba, ka sha ganinsa ranar kasuwa. Taɓarya ce aka sa wa ƙafafun kujerar tsakar gida, aka liƙa mata kunnuwa biyu masu share ƙasa. Kakanninmu a nan Bavariya sun yi kiwonsa ne don ya bi dila har cikin rami, shi ya sa har gobe yake ganin duk abin da ya fi shi girma raini ne ya kawo shi.

Don kada ka ce surutu ne kawai, za a riƙa kawo maka misali da wani mutumin garin nan, Vitus Randl, wanda ya bi matakai shida daidai wa daida, ya zo na bakwai ya watsa wa sana'a ƙasa a ido.

Mataki na Ɗaya: Ka san abin da kake nema

Kada ka yaudari kanka. Ba wanda ke shiga shagon kyaututtuka don neman lada. Wani gado yake hange, wani kujera a ƙungiya, wani kuma so yake a daina jin haushinsa. Ka zauna ka gaya wa kanka gaskiya tun kafin ka sa takalmi.

Shi Vitus abin da yake nema ƙarami ne, amma ya hana shi sakat. So yake a kira shi Vitus.

Ya ƙarar da ƙarfinsa yana raba wasiƙu a kan keke, har ya yi ritaya. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Cikin gidajen da yake kai wa saƙo akwai wani tsohon bene a bayan coci, wanda ba shi da lif, sai matakala, kuma a hawa na uku Frau Walburga Kandler take zaune, ita ma mijinta ya rasu. Akwatunan wasiƙa a ƙasa suke, amma Vitus kullum sai ya sami dalilin hawa sama: yau ambulan ya yi kauri, gobe yana tsoron kada ruwa ya jiƙa shi. Ta buɗe ƙofa ta ce, "Na gode, Herr Randl," ya ce, "Ba komai, Frau Kandler," ya juya ya sauko. Haka suka yi ta fama har kansu ya yi fari. Ka dai san halinmu: muddin mace ba ta buɗe baki ta ce ka kira ta da sunan yanka ba, kai Herr ne, wato Malam, ita Frau ce, wato Malama, ko da kun tsufa kuna gaisawa.

Abu biyu ne suka tsaya masa a gaba. Na farko shi ne Bazi, dakel ɗinta, wanda ya gaji gaba da Vitus daga karen da ya gabace shi, kamar yadda ake gadon gona. Babu wandon aikin Vitus da bai san haƙoran gidan nan ba, kuma har yanzu in ya ji haushin Bazi sai idon sawunsa ya fara ƙaiƙayi.

Na biyu Herr Eberl ne, tsohon mahauci, shugaban ƙungiyar masu dakel ta garin, shi ma gwauro. Yana da gida a ƙasa, da lambu, da tumbi. Ƙamshin nama ya riga ya shiga fatarsa, don haka duk karen da ya gan shi zubewa yake yi yana kaɗa wutsiya, har da Bazi. Bana Frau Kandler za ta cika saba'in, ta kuma gayyace su duka biyun shan kofi da kek ranar Asabar. Vitus ya sani sarai in bai yi wani abu ba a wannan karon, mahauci zai yi.

Mataki na Biyu: Kada ka tambaye ta abin da take so

Wannan shi ne kuskuren sababbin shiga. Tambaya tana jawo amsa, amsa kuma tana jawo wahala. Kai dai ka nufi shagon kyaututtuka. Ba talla ake yi ba, amma akwai wani a dandalin kasuwa, daura da famfo, na wani bawan Allah mai suna Benno. Babu wata alaƙa tsakaninsa da marubucin wannan jagora, in ban da cewa takalminsu ɗaya, gadonsu ɗaya, kuma ba a taɓa ganinsu tare ba.

Benno da Vitus benci ɗaya suka zauna a firamare, don haka babu Herr a tsakaninsu.

"A'a, Vitus! Ɓatan kai ka yi? Gidan magani yana gaba."

"Kyauta nake so. Ta mace."

"Mace? Kai? Wace marar sa'a ce?"

"Ba ruwanka."

"Tana da dakel?"

Kunnuwan Vitus suka yi ja.

"To, Frau Kandler ce," in ji Benno. "Tsoho, ai duk garin nan an sani, har tantabarun coci. Kai kaɗai kake zaton sirri ne."

Vitus ya murza hularsa. "Da cewa na yi ko in tambaye ta abin da take buƙata. Na ga kwanan nan sai ta dafa ƙarfe take hawa bene. Ƙugunta ne, ina jin."

"Buƙata! Kai mai jinya ne ko mai nema? Je ka saya mata sandar dogarawa mana, ka ga ko ba za ta rotsa maka ita a ka ba."

Gaskiyar Benno ce, kuma ka riƙe ta da kyau. Duk wanda ya ajiye dakel ya tashi daga mutum mai son abubuwa iri-iri, ya koma mai dakel kawai. Ba ya son littafi, ba ya son turare, ba ya son tafiya. In ka ji ya ce yana so, kawaici ne. Abin da zuciyarsa ke bege shi ne kofin da mariƙinsa wutsiyar dakel ce, da safa mai dakel, da tawul mai dakel, da abin zuba gishiri da gishirin ke fita ta hancin dakel, da agogon bango mai kaɗa wutsiya. Mutumin da yake kwana da kare ya tashi da kare, me zai fi so ya gani in ya ɗaga kai? Wani karen.

Mataki na Uku: Ka sayi wanda ya fi tsawo

Nan za ka ci karo da 'yar matsala. Duk abin da ka ɗaga, mai shago zai ce maka ai tana da shi, domin shi ya sayar wa ƙawayenta bara da bara waccan. Kada ka karaya. In ba za ka iya zuwa da sabon abu ba, ka zo da dogo.

Benno ya hau tsani, ya jawo wani abu daga saman kanta, ya hure ƙurar da ke kansa. Dakel ne na ƙasan ƙofa.

Ka san mu da tsoron iska. Dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, za mu fita yawo mu ce lafiya ce. Amma 'yar siririyar iskar nan da ke saɗaɗowa ta ƙasan ƙofa, ita ce uwar duk wata cuta, daga ciwon wuya har zuwa mutuwar aure. Shi ya sa ake ɗinka dogon matashi a cika shi da yashi, a shimfiɗe shi a gindin ƙofa ya tare ta. Kuma tun da dogo ne siriri, hankali ya ba da cewa a sa masa kai da kunnuwa. Wannan na Benno har da idanun gilashi da jan harshe a waje, kuma ya yi biyun Bazi a tsawo.

"Ba ya yi kama da na gaske da yawa ba?" in ji Vitus.

"Aikin hannu ke nan. Mutane sun yi ta roƙona in sayar musu, na ƙi."

"Shi ya sa ya yi ƙura?"

"Jiran mai rabo yake yi. Ɗauki, in naɗe maka."

Vitus ya ɗaure shi a gicciye a bayan keke, ya bi ta tsakiyar kasuwa mutane suna kaucewa.

Mataki na Huɗu: Ka kame bakinka har ranar ta zo

Wannan ko yaron goye ya sani, amma so yana sa babba ya manta karatun farko. Ba a yi wa mutum barka da ranar haihuwa kafin ranar. Ko da awa ɗaya ce, ba a yi. Wanda ya yi, ya buɗe wa tsautsayi ƙofa da hannunsa.

Ranar Juma'a Vitus ya ci karo da Frau Kandler a wurin mai sayar da ƙwai, tana riƙe da kwando, Bazi yana gurnani a gindin siket ɗinta. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Frau Kandler, barka da saba'in tun yanzu!"

Kasuwa ta yi tsit. Mai ƙwai ta dafe ƙirji. Frau Kandler ta yi sauri ta ƙwanƙwasa katakon tebur don kore tsautsayi.

"Herr Randl! Sai gobe fa! So kake kada in kai?"

"Na janye, na janye."

"Magana zarar bunu ce," in ji mai ƙwai, tana girgiza kai. "Ka janye ta ina?"

Ka lura da wannan wuri sosai. Duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso. Babu ruwan kayan shagon kowa.

Mataki na Biyar: Ka miƙa a gaban jama'a, kuma ka zama na ƙarshe

Ka bari kowa ya gama, sannan ka fito da naka. Babban goro sai magogin ƙarfe.

Ranar Asabar da la'asar falon Frau Kandler ya cika da ƙawayenta na ƙungiyar waƙar coci, da ƙamshin kofi da kek ɗin tuffa. Duk inda ka kai ido dakel ne: a bango, a kan talabijin, a jikin labule, a ƙarƙashin kofinka. Na gasken kuwa yana kwance can saman bayan doguwar kujera, inda uwargijiyarsa ke ɗora shi ta kuma sauke shi da hannunta, yana kallon baƙi ɗaya bayan ɗaya kamar mai karɓar haraji.

Aka fara kwance kyaututtuka. Kofi ya fito, ta ce, "Kai, dakel!" Safa ta fito, ta ce, "Kai, dakel." Da aka zo kan tawul muryar ta riga ta dushe, amma ta faɗa, domin mace ce mai tarbiyya.

Herr Eberl ya tashi da ƙyar, ya miƙa dogon tsiran hanta ɗaure da jan zare. "Wannan na Bazi ne. Ke kuma, Frau Kandler, taki kyautar tana lambuna. Tuffa sun nuna, ba mai tsinka. Gida babu mace, kin san yadda yake."

Matan suka kalli juna suna murmushi cikin kofi. Vitus ya ji kamar ya shaƙe mahaucin da jan zaren. Ya jawo nasa ƙunshin daga bayan ƙofa, ya ɗora mata a cinya, gefe ɗaya ya faɗa cikin kek.

Ta kwance. Ta daɗe tana kwancewa. Da kan ya bayyana ta ce, "Kai," ta tsaya, ta nemi sauran maganar ta rasa. Don ta fita kunya sai ta tashi ta shimfiɗe shi a gindin ƙofa, idanun gilashin suna fuskantar kujera.

Bazi ya ɗaga kai. Ga wani dakel a gidansa, a bakin ƙofarsa, ya fi shi tsawo, yana masa gwalo, kuma ko ƙiftawa ba ya yi. Bai yi haushi ba, bai yi shawara da kowa ba. Ya yi tsalle daga saman kujerar nan, ya faɗo a karkace, ya ja jiki ya cafke wuyan baƙon, ya yi ta girgiza har kai ya rabu da gangar jiki, yashi ya malale a ƙasa. Sai da ya tabbatar abokin gaba ya mutu sannan ya yi wata 'yar ƙara siririya. Ya yunƙura zai tashi, ƙafafunsa na baya suka ƙi.

Frau Kandler ta durƙusa a kan yashin da kayan bikinta, tana kiran sunansa. Babu wanda ya sake taɓa kek. Daga can lungu wata tsohuwa ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "An ce wani ya yi mata barka tun jiya."

Mataki na Shida: In kyauta ta ɓata, ka ƙara wata

Kada ka ba da haƙuri da baki. Baki ne ya jawo maka tun farko.

Likitan dabbobi ya ce ƙashin baya ne, ciwon da ke bin duk mai dogon jiki da gajerun ƙafafu. Ya ce zai warke, zai yi tafiya, amma shi da matakala har abada, sai dai a ɗauke shi. To, kare dai dole ya fita da safe, da rana, da yamma, ga hawa uku, ga mace mai ciwon ƙugu da ke buƙatar hannu ɗaya na dafa ƙarfe, alhali ɗaukar karen sai da hannu biyu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Herr Eberl ya tare ta a dandalin kasuwa, ya yi magana yadda har mai shagon daura da famfo zai ji ba tare da ya sa kunne sosai ba.

"Frau Kandler, ɗaki na nan a gidana, ƙofarsa cikin lambu take buɗewa. Ba hawa, ba sauka. Ki taho ke da Bazi. In kina tsoron bakin mutane, sai mu je wurin limamin coci ya rufe musu shi."

Ta ce zai ji amsa ranar Lahadi bayan an taso daga coci.

Shi kuwa Vitus tun ranar bikin bai sake bi ta bayan coci ba. Kunya ta hana shi, baƙin ciki ya hana shi cin abinci. Benno ne ya kai masa labari, don zumunci.

"Ranar Lahadi za a yi ta ta ƙare, tsoho. Mahauci ya wasa wuƙa."

"Kayanka ne suka karya mata kare, Benno."

"Kayana? Bakinka dai. Ni na aike ka ka yi barka ranar Juma'a? Saurara, ƙaya da ƙaya ake cire ta. Ga gorar ruwan zafi, ta ɗumama gado, rigarta ta ulu ce. Dubi fuskar."

"Wani dakel ɗin?"

"To da me kake so, kada?"

Vitus ya karɓa, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Mataki na Bakwai: Ka miƙa ka juya, kada ka ajiye ƙunshin

Nan ne Vitus ya ɓata rawarsa da tsalle, kuma don shi aka rubuta wannan mataki. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka ƙwanƙwasa, ka miƙa, ka sauko. Kada ka tsaya kallo. Mai kyauta da ya tsaya kallo ƙarshensa aiki.

Ranar Asabar da hantsi, daidai lokacin da ya saba kawo wasiƙa a da, ya shiga benen da ƙunshi a hammata. Ya wuce hawa na ɗaya, ya wuce na biyu, ya karya kwana, sai ya tsaya cak.

Frau Kandler ce zaune a kan matakala, sanye da kwat ɗinta ta fita unguwa, Bazi naɗe cikin bargo a cinyarta. Ta sa hannu ɗaya ta dafa, ta ja mazaunanta zuwa matakala ta gaba, ta huta, ta sake ja. Hularta ta karkace, gumi ya jiƙa mata goshi. Macen da bai taɓa gani da ko gashi ɗaya a hargitse ba, ga ta tana saukowa kamar yaro mai koyon rarrafe. Da ta gan shi sai ta yi sauri ta gyara hular.

"Ina kwana, Herr Randl."

"Ina kwana, Frau Kandler. Tun yaushe kike yin haka?"

"Tun da muka dawo daga wurin likita. Saukar ba wuya. Hawan ne." Ta kalli hammatarsa. "Mene ne wannan kuma? Kada ka gaya mini. Dakel ne."

"Na ruwan zafi ne."

Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu dabam, ta share ido da bayan hannu.

"Herr Randl, ina da na shan kofi, ina da na gishiri, ina da na goge hannu. Ina da wanda ke gaya mini lokaci. Ko ɗaya a cikinsu ba zai iya sauko da wannan ba. Ni fa ban taɓa son su ba. Wannan ɗaya tak nake so, shi ma don mugun halinsa ne, yana tuna mini da marigayi. Furanni nake so, in da wani ya taɓa tambaya." Ta ja bargon ta rufe wa Bazi baya. "Gobe zan ce wa Herr Eberl to. Ba don ina son in ƙarasa rayuwata cikin ƙamshin tsire ba. Gwiwoyina ne suka yanke hukunci."

Tausayi ya kama Vitus, kunya kuma ta fi tausayin. Ya dubi ƙunshin da Benno ya ɓata lokaci ya naɗe da takarda mai kyau, ya ajiye shi a ƙasa kamar shara. Ya durƙusa.

"Ta ina ake kama shi?"

"Zai cije ka."

"Ai mun saba."

"Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu. Kada ka bari bayan ya lanƙwashe. A hankali, Herr Randl, ba buhun wasiƙa ba ne!"

Ya ɗaga. Bazi ya waiwayo, ya ga wanda ya ɗauke shi, ya kasa gaskata idonsa. Tun kakanninsa ake jiran ranar da hannun mutumin nan zai zo kusa haka. Ya kafa haƙora a gindin babban yatsa ya riƙe.

"Ya kama ka?"

"Ya kama."

"To sake mana!"

"Ni ko shi?"

Haka suka sauka, mutum riƙe da kare, kare riƙe da mutum. Vitus ya ajiye shi a gindin bishiyar bayan coci, ya jira ya gama uzurinsa, ya sake ɗauka, ya hau da shi har sama yana haki. Sannan ya dawo ya ba Frau Kandler hannun da ya rage, ya tashe ta tsaye.

"Na gode," ta ce. "Amma da rana fa?"

"Zan dawo."

"Da yamma?"

"Frau Kandler, na ƙarar da rayuwata ina hawa benen nan da dalilan ƙarya. Yau na sami na gaskiya, kina so ki ƙwace?"

Ranar Lahadi Herr Eberl ya ji amsarsa a ƙofar coci. Ta gode masa ƙwarai, ta ce in tuffan sun yi masa yawa ya aiko, za ta yi masa kek.

Shi kuwa Vitus ya shiga bauta. Safe, rana, yamma, ko ana ruwa ko ana sanyi. Yatsunsa suka cika da filasta. Wata rana ya zo da furanni, a hannu kawai, ko takarda babu, wai a bakin kogi ya tsinko. Ganye ya gama zuba, aka fara hura wuta a ɗakuna, yana nan yana hawa yana sauka, ana ce masa "Na gode, Herr Randl." Sai wata safiya da ya iso sama a jiƙe sharkaf, kare a ƙirjinsa, ta buɗe ƙofa ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Shigo ka sha kofi kafin mura ta kashe ka, Vitus."

Saura kaɗan ya saki karen.

"Ni kuma Burgl ake ce mini a gida. Rufe bakin, iska na shiga."

Ya buɗe baki zai gwada sunan. Bazi ya ga hankalinsa ya rabu, ya cije shi a wuyan hannu.

To, ka dubi wannan lamari da idon basira. Ba takarda, ba zare, ba wanda ya ɗaga wani abu sama a gaban jama'a. Mutum ya ɗauki kansa ya kai, wai zuwa da kai ya fi saƙo. Ga shi yanzu yana taɓa kare sau uku a rana, abin da jagoran nan ya yi alkawarin kare ka daga gare shi. In kowa ya ce haka zai yi, masu shago su ci me?

Mataki na Takwas: Ka yi haƙuri, ranarsa na zuwa

Wannan matakin ba na mai saye ba ne, na mai sayarwa ne, amma an sa shi don ya zama darasi.

Duk garin nan yanzu an saba ganin Vitus da dakel a ƙirji. Yara suna nuna shi, mai ƙwai tana tambayarsa jikin Bazi kafin ta tambayi nasa. Ba wanda ya tuna cewa mutumin nan yana son kamun kifi, ko yana sauraron rediyo. Ya tashi daga mutum ya koma mai dakel.

Da ranar haihuwarsa ta zo, a falon hawa na uku aka yi ta. Kantar Benno ta wayi gari fayau, har agogon da ya daina aiki an saye. Vitus ya zauna a tsakiyar jama'a yana kwancewa. Kofi ya fito, ya ɗaga shi sama da hannu mai filasta, ya ce, "Kai, dakel!" Safa ta fito, ya faɗa. Herr Eberl ya kawo wani dogon ƙunshi mai nauyin yashi, Burgl ta tare shi tun a bakin ƙofa ta ce a mayar inda aka samo.

Nata ne ya zo na ƙarshe, ɗan ƙarami, a cikin tafin hannu. Mukullin gidan ne. Ta ce ta gaji da tashi buɗe ƙofa sau uku a rana, kuma gidansa ya yi nisa da aikinsa. Vitus ya karɓa. Sai da ya juya shi sannan ya ga abin da aka rataya mukullin a jiki: ɗan dogon abu ne na ƙarfe, mai gajerun ƙafafu da kunnuwa. Ita ma ai 'yar garin nan ce.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora, da mai shagon daura da famfo, da duk wanda ke sa takalminsu, sun wanke hannunsu tas daga abin da zai biyo baya. Cizo, ciwon baya na mutum ko na kare, yashi a kan kafet, fushin mahauci, da aure bayan shekara saba'in, duk a wuyan mai karatu suke. Kayan da aka saya ba a dawo da su, musamman in babu kai. Wanda kuma ya ajiye ƙunshinsa a matakala ya durƙusa, kada ya zo yana cewa ba a gargaɗe shi ba.